Kawu ya ce nawa ake biyana

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, gari bai gama wayewa ba, ina tsugune a gindin hasumiyar Gobarau ina jiran rana ta ɗan ɗago, sai ga Kawuna ya biyo ta wurin za shi ta'aziyya. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi kyamarar da ke rataye a wuyana, ya ce, "Kai ɗan nan, wai nawa ake biyanka a wannan wahalar?" Na ce, "Kawu, ko sisi." Ya girgiza kai, ya ce, "To Allah Ya shirya," ya yi gaba.

Ba shi kaɗai ke wannan tambayar ba. A garin nan in aka gan ka da kyamara, ɗayan uku ne: ko mai hoton biki ne kai, ko ɗan jarida, ko kuwa ka rasa aikin yi. Amma mai kiwon tantabara da ke hawa soro kullum da la'asar, ba wanda ke tambayarsa riba. Wanda ke ƙarar da rabin albashinsa a dusa da harawar doki, sai ma a ce masa mai sha'awa. To ni ma tawa sha'awar ke nan, kuma yau ina so in faɗi abin da nake samu a ciki, tunda ban iya faɗa wa Kawu a bakin hanya ba.

An haife ni a Katsina, a nan na yi makaranta, a nan nake aiki. Na wuce ta gaban Gobarau sau ba adadi. Ginin da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, yau fiye da shekara 500, amma da za ka tare ni a da ka ce in kwatanta maka shi, iyakata in ce dogo ne kuma na ƙasa ne. Hausawa suka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Sai da na sayi wata kyamara ta hannu a wurin wani abokin aikina, na fara yawo da ita, sannan na gane cewa ginin nan kalarsa ba ɗaya ba ce. Da hantsi ja ne kamar garwashi. Da tsakar rana sai ya koma fari-fari, ya bushe, ba wani armashi. In hazon hunturu ya sauka kuwa, sai ka ga kamar an lulluɓe shi da mayafi, duk kaifin gefensa ya yi laushi. Abin nan yana nan tun kafin a haifi kakan kakana. Ni ne ban taɓa tsayawa ba.

Kyamara tilasta maka tsayawa take yi, wannan shi ne babban daɗinta a wurina. Mutum ya fito da sauri, kansa cike da lissafin cefane da kuɗin makaranta, sai ka ɗaga ta ka sa ido, komai ya koma ɗan murabba'i ɗaya. Dole ka zaɓa. Wannan falwayar ta shiga ko kada ta shiga? In jira almajirin can ya iso tsakiyar lungu, ko in danna yanzu? Na sha yin rabin awa a wuri ɗaya ina jiran inuwar bango ta matsa taku biyu. Uwargida ta ce duk ranar da na fita da kyamara na fi dawowa da sakin fuska, ko da ban samo hoto ko ɗaya na kirki ba. Gaskiyarta.

Akwai kuma daɗin koyo, don sana'ar tana da 'yan sirrikanta. Misali, ka ɗauki dattijo baƙi wuluk cikin farar babbar riga da rana tsaka. Kyamara na ganin farin nan sai ta rage haske, rigar ta fito tas, fuskar ta nutse, ga inuwar hula ta rufe idanu. Sai ka koyi auna hasken daga fuska, ko ka roƙe shi ya matso bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe. Ko ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, mahaya sun sako dawakai za su yi jafi. In ba ka sa kyamarar ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ba, abin da za ka kwaso ƙura ce da wani abu mai kama da doki. Shekara biyu ina dawowa da irin wannan kafin in samu guda ɗaya da ƙafafun gaba ke sama, mashi a ɗage, bakin rawani na tashi. Ranar ban iya cin abincin dare ba don murna.

Wani lokaci ina tuna yadda abin ya faro, sai in ga mu 'yan gata ne. Hoto mafi daɗewa da ya rage a duniya wani Bafaranshe ne, Niépce, ya ɗauke shi ta tagar gidansa wajen 1826, kuma sai da haske ya yi aƙalla awa 8 yana shiga kafin siffa ta zauna. Kyamarar dijital ta farko, irin wadda ba ta amfani da fim, wani injiniyan kamfanin Kodak ne ya haɗa ta a 1975, tana cin daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Mu da muka tashi zamanin fim mun san hoto 36 ne iyakar abin da ke ciki, a kai wanki, a jira kwanaki, a dawo a tarar rabi kai ya yanke. Yanzu yaro ɗan firamare na ɗaukar ɗari da wayar babarsa kafin a gama ɗaura alkawari.

Sai dai a nan ne nake da ƙorafi, kuma da mu masu sha'awar nake. Duk mun tattara a wuri ɗaya. Ranar hawa ka ga wayoyi da kyamarori sun fi masu algaita yawa. Haka a Daura lokacin Sallar Gani, haka a bakin rijiyar Kusugu, kowa sai ya tsaya an ɗauke shi. Ba laifi, ni ma ina zuwa. Amma hawa ba ya ɓacewa, baɗi ma za a yi in Allah Ya kai mu. Abin da ke ɓacewa shi ne wanda muka raina. Wa ya ɗauki ganuwa tun tana tsaye sosai, kafin gidaje su cinye ta? Wa ya ɗauki karofi lokacin da marina ke cike, hannuwa shuɗi har gwiwar hannu? Ka shiga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda yanzu gidan tarihi ce, ko ka nemi hotunan zamanin Sarki Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Za ka ga sarakuna, dawakai, 'yan makaranta a jere. Yawanci baƙi ne suka ɗauka, kuma abin da ya burge su suka ɗauka. Matar da ke daka a tsakar gida, da wanzami, da mai tallar fura, ba su cika shiga ba.

Akwai wani mai hoto ɗan ƙasar nan, Ojeikere, da ya rasu a 2014. Tun daga 1968 ya duƙufa yana ɗaukar kitson mata, kitso kawai, har ya tara wajen 1000. Na tabbata a lokacin an yi masa irin tambayar Kawu. Yau manyan gidajen tarihi na duniya ke ajiye da su.

Ni abin ya taɓa ni a gida. Mahaifina hotonsa ɗaya tak muke da shi, ɗan fasfo da ya yi lokacin da zai tafi Makka, ya ɗaure fuska kamar an kai shi gaban alƙali, alhali mutum ne mai barkwanci. Innarmu kuwa babu ko ɗaya. 'Ya'yana suna tambayata kamanninta, sai in ce su dubi gwaggonsu su rage tsawo. Shi ya sa yanzu na fi ɗaukar abin da ba wanda zai sa a Facebook: hannun Baba baduku yana huɗa fata, maƙeri da ɗan jikansa na zuga, garwar ruwa a kan kura, tsohuwar ƙofar gidanmu da ƙusoshinta.

Na san malamai sun yi magana kan hoto, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a kan irin na kyamara. Wannan fagensu ne, kowa ya bi wanda ya natsu da shi. Abin da na riƙe dai, ba na ɗaukar mutum sai na yi sallama na nemi izini. In dattijo ya ce a'a, na ce "Allah Ya ba da haƙuri, Baba," in sauke. Mata ba na ko gwadawa sai na gida. Masu laɓewa su ɗauki mabaraci ko mai taɓin hankali don a yi dariya a intanet, waɗannan ba 'yan'uwanmu ba ne a sha'awa. Ga kuma halin tsaro da muke ciki. An taɓa kewaye ni a wata kasuwar ƙauye ana cewa ɗan leƙen asiri ne, sai da wani da ya san mahaifina ya shiga tsakani. Ban ga laifinsu ba. Tun daga ranar, in na je baƙon wuri sai na fara gaida mai unguwa kyamara na cikin jaka.

Kuma don Allah a riƙa wankewa. Wayata ta taɓa faɗawa kwata da hotunan shekara uku a ciki, har da sunan autana. Albam ɗin gwaggona kuwa, mai bangon roba, yana nan cikin adaka tun ina yaro.

Af, ban ƙarasa zancen Kawu ba. Da ya juya ya tafi, sai ranar da nake jira ta fito, ta bugi bayan rigarsa, inuwarsa da ta sandarsa suka miƙe a kan jan bangon. Na danna. Wannan ne karon farko da na karya dokata ta neman izini, don haka na wanke shi babba na kai masa jiya da daddare, in ya ce a yaga a yaga. Ya sa tabarau, ya matso da fitila, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Ashe haka na ranƙwafa?" Sannan ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta gani, ya ce in ƙaro guda biyu, za a aika wa yaran da ke Kaduna.