Wa ya ce kiɗan tsofaffin wasannin bidiyo ya lalace, balle a gyara shi?

Wannan bidiyon da ke yawo ya ɓata mini rai ƙwarai. An jera ainihin kiɗan wasan bidiyo na Final Fantasy VI da wanda babbar ƙungiyar makaɗa ta sake bugawa, aka rubuta wai sai yanzu kiɗan ya zama kiɗa. Haba jama'a! Me ya lalace da har za a gyara?

Wanda ya rubuta wannan bai san Super Nintendo ba, wato na'urar da aka yi wasan dominta. Sashen sautinta muryoyi 8 kawai yake fitarwa a lokaci guda, ma'ajiyarsa kuma 64 KB ce. A ɗan wurin nan za a cusa samfurin sautin kowane kayan kiɗa, da tsarin kiɗan, da manhajar da ke kunna su. Amsa-kuwwa ma daga nan take ci: kowane jinkiri na milisakan 16 yana lashe 2 KB, in ka kai shi maƙura, wato milisakan 240, ka rasa 30 KB, kusan rabin wurin ke nan. Shi ya sa sarewar da kake ji ɗan guntun sauti ne da ke ta juyawa, in ba a haɗa kansa da wutsiyarsa daidai ba sai ya riƙa ƙas-ƙas. Sannan da zarar an sari dodo, ƙarar takobin za ta ƙwace murya ɗaya ko biyu, don haka dole a ajiye zuciyar kiɗan a muryoyin da ba a taɓawa.

A cikin wannan matsin Nobuo Uematsu, mai tsara kiɗan Final Fantasy VI, ya tsara kiɗan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, a cikin wasan a 1994, ya kuma yi wa yaƙin ƙarshe kiɗan da ya haura minti 17. Matsin nan shi ya gina kiɗan. Mai muryoyi 8 ba shi da inda zai ɓoye raunin karinsa, dole karin ya tsaya da ƙafarsa, har ka iya rera shi bayan shekara 30.

A NES ma, na'urar da ta gabaci Super Nintendo, abin ya fi tsanani. Muryoyi 5 ne, ɗaya ta hayaniya ce, wadda aka fi ba wa kaurin sauti kuwa ba a ƙara mata ƙarfi ko a rage. Da wannan Koichi Sugiyama ya yi kiɗan wasan Dragon Quest a 1986.

Na san za a ce ai shi Sugiyama da kansa ya riƙa buga nasa da ƙungiyar makaɗa. To sai me? Ku saurara, akwai daɗi. Amma kiɗan zaure sau ɗaya ake bugawa a tafa a tashi. Na wasa an ƙera shi ne ya zagaya sau ɗari kana yawon daji, ƙarshensa ya shige cikin farkonsa ba ka ji gaɓa ba, kuma bai gundure ka ba. Wannan gwaninta ce mai zaman kanta, ku daina raina ta.

Masu saurare a kwamfuta ta manhajar kwaikwayon na'ura kuma, don Allah ku bar tacen sauti a kan zaɓin da ake kira Gaussian. Shi ainihin Super Nintendo ke amfani da shi, yana tausasa kaifin sautin, da shi kuma makaɗan suka auna aikinsu. In kun canza shi don neman tsabta, goge zai koma yana tsikarin kunne. Ku kuma sa abin kunne, lasifikar waya haɗiye kaurin take yi gaba ɗaya.