Wa ya sa wa waƙar kari?

Ku da kuke riƙe littafin waƙoƙi kowace Lahadi, ina da tambaya. Waƙar nan da kuka fi so, wadda ko daga barci aka tashe ku za ku rera ta ba tare da duba takarda ba, wa ya sa mata kari? Ba marubucin baitocin nake nufi ba, wanda ya tsara muryar nake tambaya. Na jefa wa 'yan ƙungiyarmu ta mawaƙa wannan tambaya ranar koyon waƙa, aka yi tsit, kowa na kallon ɗan'uwansa. Ni ma mai tambayar na daɗe ina rerawa kafin idona ya kai ga ɗan sunan nan da ake maƙalawa a kusurwar shafi, da ƙananan baƙaƙe kamar ana jin kunyarsa.

Abin da ya sa nake ganin ba a yi wa mutanen nan adalci ba shi ne, baitoci idan za su shiga wani harshe sai an fassara su, a rage nan a ƙara can, wani lokaci har ma'ana ta karkace. Kari kuwa ba ruwansa da tafinta. Yadda ya bar hannun mai shi haka yake tsallaka teku. Ke nan abin da ya iso kunnenmu cikakke aikin mai kari ne, kuma shi ne ba mu san ko sunansa ba.

Ku ɗauki Amazing Grace. Labarin marubucinta John Newton, wanda ya taɓa zama kyaftin ɗin jirgin bayi, ya sha maimaici a bakin masu wa'azi. An buga baitocinsa a 1779, ya rasu a 1807, bai taɓa jin su da karin da muke rerawa yau ba. Sai a 1835 William Walker ya haɗa su da wani kari mai suna New Britain a Amurka. Wanda ya ƙirƙiri karin? Har gobe ba a san shi ba. Muryar da ke sa mutane hawaye a wurin jana'iza marainiya ce.

Kada wani ya ce ai ɗan gajeren kari ne, layi huɗu, mene ne abin wahala. Gajartar ce wahalar. Mai tsara wa ƙwararru kiɗa yana da 'yancin hawa da sauka yadda ya ga dama. Mai tsara wa ikkilisiya kuwa dole ya tuna da tsohuwar da muryarta ke rawa, da yaron da bai iya karatu ba, da dattijon nan na bencin baya da kullum yake makara da rabin numfashi. Kada kari ya yi sama har a shaƙe, kada ya yi ƙasa har a rasa shi, kuma kafin a kai baiti na biyu kowa ya kama. Sannan kari ɗaya ne zai ɗauki baitin da ke maganar kabari, ya kuma ɗauki na tashin matattu, ba tare da ya yi wa ɗayansu ƙarya ba. Ga lissafin gaɓoɓi: takwas, shida, takwas, shida, duk waƙar da ta zauna kan wannan ma'auni za ta iya aron karin 'yar'uwarta. Shi ya sa ake raɗa wa kari sunansa daban.

Raɗin sunan ma ba da ka ake yi ba. John Bacchus Dykes, limamin cocin Angilikan a Durham ta Ingila, ya kira karin da ya sa wa Holy, Holy, Holy da sunan Nicaea, garin da aka yi babban taron ikkilisiya kan allahntakar Yesu a shekara ta 325, domin waƙar kan Triniti take. Ku saurari farkonta: murya na hawa mataki uku, ɗaya bisa ɗaya. Karin ya fito a 1861. Dykes ya tsara kari wajen 300, yana yi yana riƙe da majami'a mai yawan jama'a. Da ya nemi mataimaka, saɓani da bishop ɗinsa kan tsarin sujada ya sa aka hana shi. Aiki ya danne shi, lafiya ta gaza, ya rasu a 1876 yana da shekara 52.

Louis Bourgeois kuwa, wani mai tsara kari, kurkuku aka jefa shi a birnin Janeba a 1551, laifinsa ya gyara karin wasu Zabura ba tare da izini ba. Sai da John Calvin, jagoran ikkilisiyar birnin, ya sa baki aka sake shi. Duk wanda ya taɓa gwada sauya karin da jama'a suka saba da shi ya san hukuman Janeba suna da magada.

Na san za a ce mini koyarwa tana cikin kalmomi, kari abin hawa ne kawai. Ban musa ba. Ai karin Hark! The Herald Angels Sing ma Mendelssohn ya tsara shi ne a 1840 don bikin tunawa da Gutenberg da injin buga littattafai, ba don Kirsimeti ba. Amma ku lura, baitocin waƙar, waɗanda Charles Wesley ya rubuta, sun fi shekara ɗari a duniya kafin William Cummings ya ɗaura musu aure da wannan kari a 1855, kuma da shi duniya ta san su.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Franz Gruber, ɗan masaƙi, malamin makarantar ƙauye a Ostiriya mai kaɗa ogan a coci. A jajibirin Kirsimetin 1818 a Oberndorf shi da limami Joseph Mohr, marubucin baitocin, suka fara rera Stille Nacht, wato Silent Night, da rakiyar jita. Waƙa ta yi fiffike, mawaƙa masu yawo suka kai ta ƙasashe, sunansa ya faɗi a hanya. Wasu suka ce waƙar gargajiya ce, wasu suka jingina ta ga Michael Haydn, don a ganinsu kari mai kyau haka sai babban suna. A 1854, yana tsoho, sai da Gruber ya zauna ya rubuta bayanin yadda aka yi ta da hannunsa. Duk da haka masu shakka ba su daina ba. Ya rasu a 1863. Sai a 1995 aka gano wata takarda da rubutun hannun Mohr, a kusurwar sama ya rubuta cewa karin na Gruber ne.