Ƙannena masu fita daji gwada saiti, ku tsaya mu yi magana

Da zarar an kwashe amfanin gona, ciyawa ta fara bushewa, sai ka ga samari a kan babura suna fita bayan garin Kaduna ta wajen Rigachikun, Maraban Jos ko hanyar Kujama. Wani da danƙo, wani da bindigar iska, wani kuma ya saci jiki ya ɗauko bindigar tokar kakansa. A jera gwangwanaye a gwada saiti, in an taki sa'a a dawo da zomo ko fakara. Ni ban ga laifin son harbi ba. Sana'ar iyaye da kakanni ce, wasa ne kuma da ake cin zinare da shi a gasar Olamfik. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne kun ɗauki makamin maharba, kun baro ƙa'idarsu a gida.

Maharbin gaske ba ya taɓa kunama sai ya san me ke bayan abin da zai harba. Ku kuwa a kan dutse kuke ɗora gwangwani. Harsashi in ya daki dutse ko saman ruwa zamewa yake yi ya sake hanya, alhali bayan dutsen nan akwai makiyayi da shanunsa, akwai mata masu ɗiban itace. Ku tambayi duk wanda ya yi horon soja a Jaji, zai gaya muku tudun ƙasa ake sa wa a bayan abin bara don ya shanye harsashi. Ita ma bindigar iskar da kuke rainawa tana tsiyayar da ido, tana kuma kisa. Ta toka ta fi muni: a cika mata albarushi bututun ya fashe a hannu, ko a ja kunama ta yi shiru, yaro ya juyo bakinta yana leƙawa, sannan ta tashi. In ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon ƙasa, a jira.

Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa ne, ya kuma hana a mayar da abu mai rai abin gwada saiti. To ina hujjar mai harbin ƙadangare da kurciya don kawai a ɗauke shi bidiyo?

Ga doka kuma. Dokar makamai ta 1959 ta bai wa 'yan sanda ikon hana riƙe ko da bindigar toka sai da lasisi, kuma ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari an hana farauta a cikinsa, balle ga halin tsaron da kowa ya sani. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka yi wa kisan gilla a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna kan hanyar komawa gida Kano, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Zalunci ne tsagwaronsa aka yi musu. Amma ya isa ya nuna muku irin kallon da ake yi wa mai bindiga a yau.

Sai maganar maciji, wadda ita ta fi ci mini rai, domin a nan ne ake asarar ran da da an yi abin da ya dace da ya tsira da ikon Allah.

Kuna shiga ciyawa da silifas. Kuna zura hannu a ramin gafiya da cikin suri, kuna ɗaga dutse da yatsu. Nan ne ɗakin kwanansu. Kasa kwanciya take yi a kan turba ba ta motsi sai an taka ta. Kumurci yana feso dafi a ido daga nesa, kuma maganin farko shi ne a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa, ba a murza ba. Amma wadda ta fi kashe mutane a yankinmu na arewa ita ce kububuwa, 'yar ƙarama da ba ta cika wuce kamu guda ba, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, ta fi yawo da magariba zuwa dare.

Yaudarar saranta ita ce wurin ba ya da ban tsoro da farko. Ɗan kumburi, ɗan zugi, mutum na tafiya da ƙafarsa yana cewa ai da sauƙi. Alhali dafin yana can yana hana jini daskarewa. Bayan wasu sa'o'i ko washegari sai jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon mikin da ya fara warkewa. Wani a ƙwaƙwalwa yake zubar masa. A asibiti gwajin ba shi da wuya: a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Da irin wannan aiki asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ne saran maciji ke kashewa duk shekara a duniya, akasarinsu manoma da makiyaya da ba su isa asibiti da wuri ba.

Don Allah, ƙannena, in abin ya faru kada ku ciro robar danƙo ku ɗaure ƙafar tamau. Ɗaurin nan yana kashe naman, har ta kai ga yanke ƙafa. Kada ku tsaga wurin da reza; mutumin da jininsa ya daina daskarewa, wa zai tsayar masa da shi? Tsotsa ba ta fitar da dafi, baƙin dutse ma haka. Ku cire masa zobe da agogo da takalmi kafin kumburi ya hau, ku kafa wa ƙafar sanda yadda ake yi wa karaya don kada ta yi ta motsi, ku sa shi a tsakiyar mutum biyu a kan babur, ku nufi babban asibiti. Addu'a a yi ta a kan hanya. Kada wani ya tsaya neman macijin, domin ko kan da aka datse yana iya sara. Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma kwana biyun da aka ɓata ana shafa saiwa a gida, mu muka zaɓe su da hannunmu.

Naman daji kuma, ba na musun daɗinsa. Haɗarinsa ya fi yawa wajen fiɗa, ba wajen ci ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ɓera ne ke ɗauke da shi a fitsari da kashi da jini, kuma a rani ya fi tashi, daidai lokacin da kuke cinna wa daji wuta kuna bin ɓeraye. Ƙyandar biri da ta sake ɓulla a Najeriya a 2017 ita ma daga dabbobin daji take tsallakowa. Mai ƙujewa a yatsa ya sa hannu a cikin jinin, ya share gumi, shi ke nan. Dabbar da kuka tsinta a mace mushe ce, a addini da a likitance. Wadda ta kasa gudu tana layi ma ku bar ta. In kun harba da bisimilla kuka riske ta da rai, ku yanka. Ku yanke naman da harsashi ya ratsa ku zubar, domin dalma guba ce, ta fi illa ga yara da masu juna biyu. A dafa shi ya dahu har ƙashi. Babbaka da ɗan hayaƙi ba su isa ba.

Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako uku bayan ya feɗe naman daji, ya sha maganin maleriya bai sauka ba, ya tafi asibiti, ya kuma buɗe baki ya gaya wa likita abin da ya taɓa. Maganin Lassa ya fi aiki in an fara shi a kwanakin farko, kuma matar da ke jinyarsa a gida tana iya ɗauka.