Ɗamarar saƙa a tsibirin Shetlan da basillar kakana a Sakkwato

Wata Lahadi cikin watan Yuli maƙwabciyarmu, tsohuwa ce mai shekara kusan 80, ta ja ni da iyalina zuwa shan shayi a zauren taron ƙauyensu. Haka suke yi a nan tsibiran Shetlan idan sanyi ya sassauta: matan ƙauye su gasa burodi da kek, a jera tebura, kowa ya shigo ya ci ya biya ɗan abin da aka yanka, kuɗin kuma a gyara zauren da su ko a taimaki wata ƙungiya. A gefe guda wasu yara uku suna goga gogen Turawa. A ɗaya gefen mata na zaune suna saƙa, baki na hira, ido ba ya ko kallon hannu.

Abin da ya tsayar da ni wata 'yar ɗamara ce da kowacce ta ɗaura a ƙugu. Fata ce aka ɗinka kamar ƙaramin matashi, aka cusa mata gashin doki, aka huhhuda fuskarta. A cikin hudar ake soke gindin tsinken saƙa ɗaya, sai hannun dama ya sami 'yancin sarrafa zare. Da irinta iyayensu suke saƙa suna tafiya, da kaya a bayansu. Na roƙi tsohuwar ta ba ni tata in gani. Ta kwance ta miƙo mini, ta ce ta mahaifiyarta ce. Ban san lokacin da na kifa ta na fara duba ɗinkin baya ba, ina bin sa da babban yatsa. Haka kakana yake yi da duk fatar da aka miƙa masa. Baduku ne, a cikin tsohon garin Sakkwato ya rayu ya rasu, kuma ni jikansa ban iya ko zura zare a basilla ba.

Shetlan tarin tsibirai ne can arewacin Sukotlan, a hanyar Norwe. Jirgin ruwa daga birnin Abadin na Sukotlan yana kwana yana tafiya, awa 12 in ya yi sauri, kafin ya iso Larwik, babban garinsu. Mutanen tsibiran gaba ɗaya wajen 23,000 ne, Larwik kuwa wajen 7,000. Ku auna wannan da kasuwar Sakkwato ranar da ta cika. Itatuwa sai an nema, iska ba ta hutawa, a tsakiyar hunturu hasken rana ba ya cika awa 6. Aikin jinya ya kawo ni, kuma da na zo na ɗauka zaman kaɗaici zan yi tsakanin asibiti da ɗaki.

Sai na tarar da mutanen da ba su da daren banza. Tun 1981 suke bikin kaɗe-kaɗen gargajiya duk shekara, 'yan sa-kai ke gudanar da shi, a sauke baƙin makaɗa a gidajen mutane, a ɗora su a jirgin ruwa zuwa ƙananan tsibirai don kada a bar na nesa a baya. Tun 2010 suke ware mako guda don ulu da saƙa, mata su taso tun daga Amurka da Japan don su zauna gaban tsohuwa su koyi zanen Fair Isle, wanda ya samo sunansa daga wani tsibiri da mazaunansa ba su kai 100 ba. A 2007 suka buɗe sabon gidan tarihi a bakin ruwa, a 2012 suka buɗe Mareel, inda ake nuna fim, ake kiɗa, ake kuma koyar da matasa naɗar sauti. Shi kansa gogen nasu ya kusa mutuwa a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Wani mutum, Tom Anderson, mai aikin inshora, ya riƙa bin tsofaffi gida-gida yana naɗar kiɗansu, daga baya ya shiga makarantu yana koya wa yara. Ya rasu a 1991, amma yaran nan uku da na gani a zaure jikokin aikinsa ne.

Na san abin da za a ce mini, domin na faɗa wa abokai a waya sun faɗa: ai kuɗin mai ne. Da gaskiyarsu ta wani fanni. Tun 1978 ake sauke ɗanyen mai a tashar Sullom Voe, kuma shugabannin tsibirin sun tsaya kai da fata sai da kamfanoni suka biya diyya, aka zuba kuɗin a wani asusun amana da har yau yake tallafa wa gidan tarihi da wuraren wasanni da harkar fasaha. Mu ma da ke da mai mun san bambancin. Amma ga abin da kuɗi bai bayyana ba. A 2010 majalisar tsibirin ta soke darasin saƙa a makarantu don rage kashe kuɗi. Bayan 'yan shekaru sai mata suka haɗa kansu, suka koma makarantun a matsayin 'yan sa-kai, suna koya wa yara ba ko sisi. 'Yata tana cikin masu koyo. Kusa da ita 'yar likita ce ke zama, gaba da su ɗiyar masunci. Ba wanda ya taɓa tambayar ko saƙa gadon gidan wa ce.

A nan zuciyata take komawa gida ta yi nauyi. Ina da shekara 9 ko 10 nakan tsere bayan la'asar in tafi zauren kakana. Ina iya jin warin wurin har yanzu, bagaruwa da man gyaɗa da sabuwar fata. Yana zaune a kan buzu, ƙafa ɗaya a miƙe, allon katako a gabansa, yana yanka jar fata siriri-siriri kamar taliya, ya saƙa su a bakin gafaka. Ya yi kube, ya yi zabira, ya yi tumtum, ya rufe laya. In ya gama sai ya ɗaga abin sama ya juya shi a haske, bai ce komai ba, ya aje. Ran nan mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya tarar da ni riƙe da basilla. Bai daka mini tsawa ba. Cewa ya yi: "Aje wagga basilla. Ban kai ka boko don ka zamo baduku ba." Kakana bai ɗago kai ba, ya ci gaba da ɗinkinsa. Ban ga laifin mahaifina ba, ya san irin kallon da aka yi masa yana yaro, so yake ya raba ni da shi. Amma ranar ce sana'ar ta yanke a gidanmu.

Kuma ku dubi abin da muke yankewa. Fatar jar akuyar Sakkwato ce ayari ke ɗauka ya ƙetare Sahara, Turawa su saya a tashoshin arewacin Afirka su kira ta fatar Maroko, su rufe littattafansu masu daraja da ita. Majemanmu ne suka san sirrin bagaruwa da karan dafi. Yau mafi yawanta ana kwasa zuwa masana'antun jima na Kano, a fitar da ita Italiya da Sifen, ta dawo mana takalmi da jaka da sunan wasu. Maƙera Assada unguwa ce guda da ta ɗauki sunanta daga ƙira. Ƙasar Sakkwato ce ta haifi Narambaɗa da kotsonsa, a fadar Sarkin Musulmi Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar taushi. Duk mai jin Hausa ya san babu inda aka sarrafa harshen nan kamar a bakin makaɗan fadar yankinmu. Idan aka ɗora dukiyar Shetlan ta wannan fanni a sikeli ɗaya da tamu, wallahi ba a fara awo ba. To amma nasu yana hannun yara, namu yana hannun tsofaffi da kaset.

Ra'ayina shi ne abu biyu suka haɗu suka cuce mu. Mun ɗaure sana'a da gado, sannan mun raina masu gadon. Ɗan baduku ne kawai zai koyi dukanci, ɗan makaɗi ne kawai zai taɓa ganga. Da can wannan tsari ya kiyaye sana'a, domin uba ba ya ɓoye wa ɗansa sirri. Amma da muka jera mutane hawa-hawa, muka sa majemi da maƙeri da maroƙi a ƙasa, har neman aure ya zama ana binciken asali a ce ai gidan kiɗa ne, sai duk ɗan gado da ya sami hanya ya gudu, kuma ba a bar ƙofa a buɗe don bare ya shigo ya maye gurbinsa ba. Muna son waƙar, muna yi wa mawaƙi kari a biki, ba mu son ɗanmu ya zama shi. Muna sayen tumtum mu ba babban baƙo kyauta muna alfahari, amma wanda ya ɗinka ba ya cikin waɗanda ake gayyata a zauna da baƙon.

Wani zai kawo maganar addini, ya ce birnin Shehu ba wurin kaɗe-kaɗe ba ne. Saɓanin malamai a kan kiɗa na bar musu, sun fi ni sani. Amma wane malami ya hana jima, ko rini, ko ƙira, ko ginin soro, ko zayyanar allo? Kuma waƙa ai da ita aka yi jihadin kansa. Shehu Usmanu ya yi waƙoƙi da Fulfulde don talakan da bai iya Larabci ba ya ji. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta naɗa jajoji, ta sa musu malfa, ta tura su ƙauyuka suna koya wa mata karatu ta hanyar waƙa. Abin da matan Shetlan suka yi bayan 2010, 'yan taru, wato jajojin nan na Nana da matan da suke koyarwa, sun riga su da shekara sama da 150. Yau yaran makarantar Sakkwato nawa ne za su iya rera baiti biyar nata da ka? Takardun suna nan a gidan tarihi na Waziri Junaidu da jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, masu bincike daga waje suna zuwa dominsu. Ni na yi firamare da sakandare a garin, ba a taɓa kai ajinmu can ba.

Ko harshe ma haka. Mutanen nan sun rasa tsohon harshensu na Norn ƙarnuka biyu da suka wuce, kuma har gobe suna jin zafin rashin. Shi ya sa suka rungumi karin maganar da ya rage musu, suna yin sa a rediyo, suna rubuta waƙa da shi a wata mujalla tasu da ke fitowa tun 1947. Mu namu na nan da ransa, amma mun yarda an mai da Sakkwatanci abin ba da dariya a fim. Na sha ganin ɗan Sakkwato ya sauka Kano ko Kaduna ya haɗiye "mi kaka so" ya koma "me kake so" kafin ya fita tasha.

Ba komai nasu nake sha'awa ba. Babban bikinsu, Up Helly Aa, ana yin sa Talatar ƙarshe ta Janairu: mutum kusan 1,000 su zaga gari da wutar yula, su ƙone jirgin katako da suka shafe watanni suna sassaƙawa, sannan a kwana ana rawa da shaye-shaye. Nakan kai yara su ga wutar mu dawo gida. Kuma duk kyan tsarinsu, ban taɓa jin abin da nakan ji da safiyar sallah ba, sa'ad da tambari da kakaki suka tashi a ƙofar fada, dawaki suka cika fili, ƙura ta tashi. Ban manta kuma da cewa su suna kwana da ido biyu rufe ba, mu kuwa akwai ƙauyuka a gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni, da dandali ya mutu saboda 'yan bindiga. Wanda bai kwana lafiya ba ba a yi masa maganar gaɗa. Amma cikin birni da garuruwan da ke zaune lafiya, wane uzuri gare mu?

Abin da nake roƙo bai kai gina katafaren zaure ba. Awa ɗaya a mako, a firamare da islamiyya, a ɗauko baduku ko masaƙi ko tsohuwa mai waƙoƙin Nana, a shimfiɗa masa tabarma a gaban aji, a kira shi malam, a biya shi kamar malam. Ɗan hakimi da ɗan majemi su riƙe basilla tare. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai guda ɗaya ta isa ta ɗauki nauyin wannan a makarantarta, mu da ke waje kuma mu ne ya fi kamata mu fara sa hannu a aljihu.

Makon jiya na sa ƙanena ya nemo mini wani dattijo da ya yi koyo a zauren kakana. Yana nan, ido ya ɗan yi rauni, hannu bai mutu ba. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ɗamara nake so a ɗinka wa jikanyarka, ta jar fata," na kwatanta masa yadda take. Ya yi shiru, sannan ya ce in aiko da hotonta gaba da baya, in auna tsawo da faɗi da zare in faɗa wa ƙanen nawa. Ya tambayi huda nawa ake yi mata. Gashin doki kuwa, ya ce kada in damu, zai aika a samo daga bargar wani maƙwabcinsa kafin Juma'a.