A jikin sanda rawa take farawa

Duk Asabar nakan kai 'yata ajin rawar bale, rawar Turawa da ake yi a kan dandamali, a garin da muke zaune a nan Turai, in zauna bayan gilashi ina kallo. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na faɗa.

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, kowane aji da sanda ake buɗe shi, wani dogon katako da aka kafa a jikin bango. A ɗora hannun hagu, a fara da filiye, wato lanƙwasa gwiwa, a shiga tandu (ba na man shanu ba, miƙe ƙafa ne a ƙasa har yatsu su yi tsini), a rufe da cilla ƙafa sama. Rabin sa'a ko fiye. Ɗan koyo da tauraruwar da duniya ta sani, kowa sai ya bi ta nan kullum.

To, yawancin yaran nan kamar masu bin layin banki suke yin sa. Ƙafa na aiki, fuska a mace, ido ya kafe a madubi. Wai ɗumama jiki ne, rawar gaske sai an fito tsakiyar fili. Ni ban yarda ba.

Ku dubi sunayen motsin ma. Da Faransanci suke, don a Faransa aka tsara wannan rawa, inda Sarki Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. Fondu na nufin abin da ya narke. Firafe na nufin abin da aka buga. Sunan da kansa ya gaya maka yanayin da ake so. Akwai wata yarinya a ajin, ƙafarta ba ta kai ta sauran ɗagawa ba, amma in ta yi fondu sai ka ga kamar man shanu a kasko mai ɗumi. Takan ja numfashi kafin mai fiyano ya taɓa sautin farko, kanta ya ɗan karkata, idonta ya raka hannunta har inda ya tsaya. Wallahi ita kaɗai nake kallo, har 'yata ta fara ƙorafi.

Na san abin da malamai za su ce: a gyara tsayuwa tukuna, salo ya biyo baya. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, gwiwar da ba ta bi saitin yatsu ba rauni take jawowa. Amma Agirifina Baganoba, shahararriyar malamar bale 'yar Rasha wadda ta fitar da littafinta na koyarwa a birnin Leningirad a 1934, ba ta raba ƙafa da baya da hannu da kai ba, tare take horar da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya shekara 10 yana tandu da matacciyar fuska, ranar da aka buɗe labule a ina zai aro rayayyiya?

Makon jiya malamarsu ta juya su suka ba madubi baya, ta daina ƙirga, ta ce su saurari fiyano kawai. Biyu sun rikice, ɗaya ta yi karo da ta gabanta. 'Yata kuwa, karon farko na ga hannunta ya sauka a hankali, sai da sautin ya ƙare sannan ya ƙarasa.