Hukumar ma'aikatan jinya ta riƙa tambaya kafin ta sa hannu

Ranar 7 ga Fabrairun 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, ta fitar da wata takarda da ta girgiza asibitoci. Ta ce duk nas ɗin da ke son a tantance takardunsa ga wata hukuma ta ƙasar waje domin ya je aiki can, sai ya cika shekara 2 yana aiki bayan karɓar lasisin dindindin, sai shugaban wurin aikinsa da makarantar da ya gama sun rubuto shaidar halinsa, kuma aikin tantancewar ba zai gaza wata 6 ba. Dokar za ta fara aiki ranar 1 ga Maris. Kwana 23 ke nan aka ba mutanen da wasunsu suka shekara suna tara kuɗin jarrabawa.

Ban ce hukumar ba ta da hujja ba. Magatakardanta na lokacin, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa sama da ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara 3, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin gwamnati ya san abin da wannan lissafi ke nufi: nas ɗaya ce take zagaya ɗaki guda cikin dare, tana sa wa wannan ƙarin ruwa, wancan yana kiranta, mai naƙuda tana jira. Hukumar da ta ga haka ta yi shiru ma ai da mun zarge ta.

Abin da ya dame ni shi ne yadda aka yi maganar. Wannan hujja mai nauyi sai da hayaniya ta tashi sannan jama'a suka ji ta a gidan talabijin. Ita kuwa takardar umarni ce zalla. Kuma ta wace hanya irin wannan takarda ke isa hannun ungozomar da ke aiki a Gumel ko Zuru? Hoto ne ake turo mata a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, an ɗauke shi a karkace, hatimin ya dusashe, sai ta buɗa shi da yatsa biyu kafin ta iya karantawa. Wannan ta ce ƙarya ce, waccan ta ce gaskiya ce, wani ya turo sautin murya na minti 7 yana fassara abin da shi ma bai gane ba. Alhali hukumar tana da sunan kowa da lambar rajistarsa, in lokacin sabunta lasisi ya zo kuwa kowa ya san hanyar biya. Hanyar da kuɗi ke bi su tafi, me zai hana bayani ya biyo ta ya dawo?

Sauran labarin sananne ne. Ba a rufa mako ba ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a ofisoshin hukumar na Abuja da Legas, Majalisar Wakilai ta sa baki, wasu suka garzaya kotu, shafin tantancewa ya zauna a rufe wata da watanni.

A Birtaniya, inda da yawa cikin 'yan'uwanmu suke nufa, lokacin da hukumar jinyarsu ta so sauya ƙa'idar gwajin Ingilishi a 2022, sai ta fara buɗe ƙofar jin ra'ayi na tsawon makonni. Amsoshi sama da 34,000 suka shigo, sauyin bai fara aiki ba sai a shekara mai biye. Hukumar ce dai ta yanke hukunci a ƙarshe, ikonta bai ragu da komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an tambayi nas-nas ɗinmu, da sun faɗa tun farko cewa rataya makomar mutum a wuyan wasiƙar shugabansa buɗe ƙofar zalunci ne, domin shugaban da ke fama da ƙarancin ma'aikata ba zai yi gaggawar sa hannu ba. Da sun kuma kawo maganar albashi da alawus na haɗarin aiki, da ɗimbin waɗanda suka gama karatu suna zaune ba a ɗauke su ba, waɗanda ba su ma san inda za su samo shekara 2 ɗin ba.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne, ba ga NMCN kaɗai ba, har da hukumar likitoci ta MDCN da ta masu haɗa magunguna ta PCN. A fitar da daftari kafin doka, a zauna da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, wato NANNM, da rassanta na jihohi, a rubuta dalili a cikin takardar kanta. Saƙo ya tafi kai tsaye zuwa wayar kowane mai lasisi, da lambar da in an kira za a ɗauka. Ita ma ungozomar Zuru, wadda ko fasfo ba ta da shi, tana da ta cewa a kan wanda zai karɓe ta idan ta gama aikin dare.