Zaren da ba a gani

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A Suratul Baƙara, aya ta 26, Allah Ya ce ba Ya jin kunyar buga misali da sauro. To, ga wata halitta da ta fi sauro ƙanƙanta: tsutsar da masana ke kira C. elegans, tsawonta kamar milimita 1, a cikin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da ƙasa take rayuwa. Wani masanin kimiyya, Sydney Brenner, ne ya jawo hankalin masu bincike gare ta, har ya samu kyautar Nobel a 2002 tare da wasu mutum 2.

Wannan tsutsa tana da tsoka, amma tsokar ba ta motsa ta kai tsaye. Sai wasu zaruruwa na furotin, kaurinsu kusan nanomita 10 (wato kashi ɗaya cikin dubu ɗari na milimita), sun ratsa ƙwayoyin fatarta sun ɗaure tsokar da ɓawon jikinta. Ƙwayoyin gado 11, wato umarnin halitta da ake gada daga iyaye, ne ke kula da irin wannan zare a cikinta. Idan guda ɗaya daga cikinsu, mai suna ifa-2, ya samu illa, tsutsar za ta ƙyanƙyashe tana ɗan motsi, daga nan tsokar ta fara ɓallewa, har jikin ya shanye. Tsokar tana nan, maɗaurin ne ya tsinke. Subhanallah! Dangin wannan zaren ne keratin da ke gashinmu da farcenmu, kuma akwai yaran da ake haifa da illa a nasu, gogayya kaɗan sai fata ta yi bororo.

Annabi (SAW) ya ce mumini ga mumini kamar gini ne, sashensa na ƙarfafa sashe. Mu kuwa a Kaduna, mun iya girmama mai ƙarfi. Wanda ya sayi janareta wa masallaci ana ambaton sunansa a lasifika, kuma ya cancanci addu'a. Amma wa ya san sunan dattijon da ke share tabarmi kafin Asuba? Wa ke gode wa gwaggon da ke hawa keke napep daga Rigasa zuwa Kawo don ta sasanta 'yan uwa biyu da gado ya raba, ta dawo ko ruwa ba a ba ta ba? Ran da ta kwanta dama, sai a tarar kowa na da kuɗinsa da motarsa, amma ko a Sallah babu mai taka gidan wani.

Ya Allah, Ka saka wa irinsu da Aljanna.